Jita, sarewa da saksofon a sararin samaniya: yadda rashin nauyi ke rikita makaɗi

A ranar 8 ga Agustan 2021, a bikin rufe gasar Olamfik ta Tokyo, da aka zo miƙa tuta ga birnin Paris, an nuna bidiyon taken ƙasar Faransa. Makaɗa sun yi nasu a wurare daban-daban na birnin, amma ƙarshen taken daga sama ya sauko. Thomas Pesquet, ɗan sama-jannatin Faransa, shi ya busa shi da saksofon yana shawagi cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kimanin kilomita 400 bisa kawunan jama'a.

Wanda ya saurara ido rufe ba zai ji wani bambanci ba. Sautin saksofon ne kamar yadda aka san shi a kowane ɗakin kiɗa. Duk wahalar tana jikin mai busar. Shekaru kusan 60 ke nan ana kai kayan kiɗa sama, kuma waɗanda suka gwada sun dawo da labari iri ɗaya: kayan suna aikinsu, amma makaɗin sai ya sake koyon zama da riƙo da kai hannu, domin a ƙasa nauyi ne ke yi masa rabin wannan aiki ba tare da ya taɓa lura ba.

Me ake nufi da rashin nauyi?

Mutane da yawa sun ɗauka ƴan sama-jannati suna shawagi ne saboda sun yi nisa har ƙasa ta daina jawo su. Ba haka abin yake ba. A nisan kilomita 400, ƙarfin da duniya ke jawo abubuwa da shi, wanda kafofin labarai kan kira maganaɗisun ƙasa, yana nan da kusan kashi 90 cikin 100 na yadda yake a doron ƙasa. Tashar faɗowa take yi dare da rana. Sai dai tana gudu a gicciye da saurin kusan kilomita 28,000 a awa, don haka kafin ta iso, doron duniya ya lanƙwashe ya kauce mata. Haka take zagaye duniya cikin kimanin minti 90, wajen sau 16 a kwana ɗaya. Mutum da jitarsa da bangon da ke kewaye da shi duk tare suke faɗowa da sauri guda, shi ya sa babu wanda ke danne wani.

Masu jin Faransanci sun san kalmar apesanteur. Masana da dama a Faransa sun fi son a ce impesanteur, ko don gudun ruɗani, tun da idan aka furta l'apesanteur kunne ba ya raba shi da la pesanteur, wato kishiyarsa.

Akwai kuma abin da bai tafi ba. Nauyi ya ɓace, amma jikin abu na nan yadda yake. Kwalekwalen da aka cika da buhunan masara yana kan ruwa, babu wanda ke ɗauke da shi, amma sai an yi da gaske kafin a motsa shi, kuma idan ya taso ba a tare shi da yatsa. Haka hannun mutum da kayan kiɗansa suke a sama: babu wahalar ɗagawa, amma fara motsi da tsayar da shi har yanzu suna bukatar ƙarfi. Yawancin matsalolin makaɗi a can daga wannan suka taso.

Tsirkiya ba ta san inda take ba

Muryar tsirkiya abu uku ke yanke ta: tsawonta, kaurinta, da yadda aka ɗaure ta. A jita mai tsirkiyoyin ƙarfe, jan da tsirkiyoyi shida ke yi wa wuyanta idan an haɗa ya kan kai kamar nauyin kilo 70, alhali su kansu tsirkiyoyin ƴan giram ne. Idan aka cire ɗan nauyin nasu daga lissafi, babu abin da kunne zai ji. Fatar ganga ma haka take, ɗaurinta ne ke ba ta murya.

Kayan busa kuwa sun dogara da iskar da ke cikinsu, don haka abin tambaya shi ne wace irin iska ce a ɗakin. A tashar sararin samaniya an haɗa iska irin ta duniya, oksijin kusan kashi 21 cikin 100, saura mafi yawa naitirojin, da matsi daidai da na bakin teku, da ɗumi irin na ɗaki mai na'urar sanyaya wuri. Sauti yana tafiya a cikinta da saurin da aka saba, wajen mita 343 a daƙiƙa. Shi ya sa saksofon ɗin Pesquet bai sauka daga muryarsa ba.

A kumbunan Amurka na farko ba haka iskar take ba, kuma a cikin ɗayansu aka fara kiɗa a sama. Ranar 16 ga Disambar 1965, Wally Schirra da Tom Stafford na kumbon Gemini 6 suka sanar da masu kula da su a ƙasa cewa sun hango wani baƙon abu yana shawagi. Zolayar Kirsimeti ce. Sai Schirra ya fiddo wata ƴar harmonika ta kamfanin Hohner mai ramuka huɗu, wadda tsawonta bai kai na ɗan yatsa ba, ya kama busawa, Stafford na kaɗa ƴan ƙararrawa. A ɓoye suka shiga da su, kuma yau suna ajiye a gidan tarihin Smithsonian da ke Washington. Iskar Gemini oksijin ce zalla, a matsin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na na duniya ba. A cikin oksijin zalla sauti yana rage gudu da kusan kashi 5 cikin 100. Da sarewa Schirra ya ɗauko, da muryarta ta sauka da kusan tazarar da ke tsakanin maɓallin piyano da na kusa da shi. Harmonika ba ta damu sosai ba, domin ƴan harsunan ƙarfe da ke karkarwa a cikinta su ke riƙe da muryarta. A Skylab, tashar Amurka ta 1973 da 1974, inda matsin iskar ya yi ƙasa kamar haka, murya ba ta zuwa nesa, har ma'aikatan sai sun ɗaga murya kafin na ɗaya gefen ɗaki ya ji su. Ya kamata a lura, duk wannan laifin iska ne, ba na rashin nauyi ba. A wajen kumbo kuwa, inda babu iska sam, tsirkiya za ta yi ta karkarwa amma ba mai jin ta.

Akwai hanya ɗaya da rashin nauyi ke shiga kunne, ita ma ta bayan gida. A ƙasa iska mai ɗumi tana tashi sama, mai sanyi ta sauko, ɗaki ya riƙa gauraya da kansa. A can babu sama babu ƙasa, don haka iskar da mutum ya fitar sai ta taru a gaban fuskarsa idan ba a kore ta ba. Dole fankoki da famfuna su yi ta aiki ba tsayawa, kuma ƙugin nasu yana cikin duk wani kiɗa da aka ɗauka a tashar. Chris Hadfield na Kanada, wanda ya fi kowa suna a wannan fage, ya ɗauki waƙoƙinsa ne a ɗan ɗakin barcinsa, wanda bai fi girman kabad ba, don nan ne ya fi shiru.

Ka tura abu, shi ma ya tura ka

Wanda ya taɓa tsayawa cikin kwalekwale ya tura bakin gaɓa da gora ya san cewa shi ne ke ja da baya. A ƙasa makaɗi yana tura kayan kiɗansa sau ɗaruruwa a waƙa guda, su ma suna mayar masa, amma kujera da tabarma da ƙasa suna shanye turin. A sama babu mai shanyewa.

Carl Walz, Ba'amurken da ya yi kwana 196 a sama daga Disambar 2001 zuwa Yunin 2002, ya gamu da wannan da piyanonsa ta lantarki. Duk maɓallin da ya danna, piyanon sai ta yi gaba, shi kuma ya yi baya. Sai da ya cusa ƙafafunsa cikin maɗauran da ke jikin tashar, ya kuma nemi igiyar roba ya haɗe kansa da piyanon, kafin ya iya kaɗa abin kirki. Mai buga ganga zai fi shi shan wahala, domin duk saukar hannu tana juya gangar jikinsa kaɗan, duk ɗagawa ta mayar da shi.

Jita tana da nata halin. A ƙasa maratayinta yana aiki ne domin jitar tana jan kanta ƙasa, igiyar ta miƙe, jitar ta kwanta a cikin mai kaɗawa. A sama igiyar sai ta saki ta yi ta lilo, jitar kuma ta nemi tashi daga jiki duk lokacin da aka kaɗa tsirkiya. Dole a matse ta da damtsen dama ko a danne ta da cinya, kuma hannun da ke aikin riƙo ba ya sakin jiki ya yi kiɗa yadda ya saba. Ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi idan ya suɓuce ba a duba ƙasa, domin bai faɗi ba. Ya bi iska ne, kuma inda ƴan sama-jannati kan tarar da ƙananan abubuwan da suka ɓace shi ne a manne da ragar da fanka ke zuƙar iska.

Masu sarewa sun fi samun sauƙi. Ellen Ochoa, wadda ƙwararriyar mai busa ce tun kafin ta zama ƴar sama-jannati, ta busa sarewarta a kumbon Discovery a Afrilun 1993, ƙafafunta cikin maɗauri. Sarewar Turawa a gicciye ake riƙe ta, hannuwa a ɗage, abin da ke gajiyar da kafaɗa a ƙasa. A sama sarewar da hannuwan duk suna tsayawa inda aka ajiye su. Iskar da ke fita daga baki tana tura mai busar baya, turin da bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa biyu ba, amma da yake babu abin da ke tare shi, cikin ƴan mintoci ya isa ya gusar da mutum daga inda ya fara. Cady Coleman, wadda ta tafi da sarewa har da na aro daga makaɗan gargajiyar Ailan, ta kan saki jiki ta busa tana shawagi, wani lokaci sai ta ji ta ci karo da bango. A Afrilun 2011 ta yi busa tare da Ian Anderson na ƙungiyar Jethro Tull, ita a sama shi a ƙasa, don cika shekara 50 da tafiyar Yuri Gagarin.

Daga waɗannan misalai wata ƙa'ida ta fito. Kayan kiɗan da turinsa ke farawa a jikin mutum ya ƙare a jikin mutum shi ya fi dacewa da sama: harmonika tsakanin hannu da leɓe, sarewa tsakanin yatsu da haɓa. Wanda ke jingine da ƙasa, ko yake kwance a cinya, ko yake rataye, shi ke ba da wahala. A wannan lissafi kalangu ya fi piyano dacewa da tashar, domin a hammata ake matse shi, kuma matsewar ita ce riƙon, ita ce kuma ke canza masa murya.

Hannu yana wuce wurin da aka aike shi

Ko an ɗaure komai tamau, akwai saura. Hadfield, wanda ya daɗe yana kaɗa jita kafin ya jagoranci tashar a 2013, ya bayyana cewa da farko hannunsa na hagu yana wuce wurin da ya nufa a wuyan jitar. Dalilin a fili yake. Shekara da shekaru ƙwaƙwalwa tana aika wa damtse umarnin da ya haɗa aiki biyu, ɗaga nauyin hannu da kai shi wurin da ake so. An cire nauyin, umarnin bai canza ba, sai ƙarfin ya yi yawa. A jita kuskuren rabin yatsa ya isa ya ɓata murya. Hausawa kan ce sabo turken wawa, kuma a nan wanda ya fi ƙwarewa shi ya fi ɗauruwa, domin hannunsa ya daɗe da daina jiran ido.

Masana sun gwada wannan ta wata hanya. A 1998, a tafiyar kumbon Columbia da aka keɓe don binciken ƙwaƙwalwa, aka riƙa harbo wa ƴan sama-jannati ƙwallo daga saman ɗaki su cafe. A can ƙwallo tana tafiya da sauri ɗaya, ba ta ƙara gudu kamar mai faɗowa a ƙasa. Duk da idonsu yana ganin haka, hannuwansu sun riƙa shiri tun kafin ta iso, kamar suna jiran ta ƙara gudu. Masu binciken, cikinsu har da Alain Berthoz na Faransa, sun wallafa sakamakon a 2001, inda suka nuna cewa ƙwaƙwalwa tana ɗauke da nata lissafin jan ƙasa, kuma ba ta saurin sakinsa. Da kwanaki suka tafi, kuskuren ya fara raguwa. Makaɗi ma haka yake warwarewa, da maimaici, sannu a hankali, kamar ɗan koyo.

Gogen Turawa, wanda Faransawa ke kira violon, ya fi kowanne nuna wannan. Bakansa yana da nauyin giram 60 ko kusa da haka, kuma malaman kiɗa suna shafe shekaru suna koya wa ɗalibi ya bar nauyin bakan da na damtsensa su kwanta a kan tsirkiya, kada ya danna da ƙarfi. Idan ana goga kusa da hannu, nauyin bakan ya yi yawa, sai ƙaramin yatsa ya rage shi. Idan an kai can ƙarshe, ya yi kaɗan, sai manuniya ta ƙara. Duk wannan ilimi a kan nauyi aka gina shi. A sama bakan ba ya kwanciya da kansa, kowane ɗigon matsi sai ya fito daga yatsu, kuma duk matsin da aka yi yana neman ture gogen daga ƙarƙashin haɓa. Ga kuma ƙurar ƙaro, irin wanda mai goge a gida ke shafa wa izga don ta kama. A ƙasa tana zuba a jikin goge a share ta, a sama kuwa sai ta tashi ta nufi ido da hanci. Duk da haka an yi. A Satumbar 2024, Sarah Gillis, injiniya a kamfanin SpaceX wadda ta koyi goge tun tana yarinya, ta goga wani kiɗan John Williams cikin kumbon Dragon a tafiyar Polaris Dawn, aka haɗa shi da na ƙungiyoyin makaɗa daga ƙasashe da dama, har da Uganda da Haiti.

Waɗanda ba za su yi ba sam

Wasu kayan kiɗan nauyi yana cikin ƙirarsu, ba a hannun makaɗi kawai ba. A babbar piyano ta katako, kowane maɓalli yana cilla ƴar guduma sama ta bugi tsirkiya, sannan gudumar ta faɗo ta jira bugu na gaba. Abin da ke kashe sautin idan an ɗaga yatsa shi ma faɗowa yake yi a kan tsirkiyar. Babu nauyi, babu faɗowa: guduma za ta yi ta yawo, sauti ya hau kan sauti. Piyanon Walz ta yi aiki ne domin ƴan sifirin ke mayar da maɓallanta. Na'urar ƙidayar kiɗa mai sanda mai lilo, wadda ɗalibai ke ajiyewa a kan piyano, ita ma ba za ta riƙe lokaci ba, kamar yadda agogon bango mai lilo ba zai riƙe ba.

Caki zai yi ƙara idan an girgiza shi, amma tsakuwoyin ba za su taru a gindi su sauka tare ba, don haka bugun zai watse. Kiɗan ƙwarya na ruwa, inda ake kife ƙwarya a kan ruwa cikin masaki, shi kam ba shi da mafita. Ruwan ba zai zauna a masakin ba, zai bi gefe ya hau ko ya dunƙule ya tashi, kuma babu abin da zai sa ƙwaryar ta yi iyo a kansa, domin iyo kansa aikin nauyi ne.

Kumburin fuska da ruwan cikin ƙaho

Jikin makaɗin ma yana canzawa. A ƙasa nauyi yana jan jini da sauran ruwan jiki zuwa ƙafafu. A sama kusan lita 2 na wannan ruwa yana komawa ƙirji da kai. Fuska ta kumbura, hanci ya toshe kamar na mai mura, ƙafafu su rame. Ga mawaƙi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hanci da kogon fuska suna cikin abin da ke ba murya launinta, kuma Hadfield ya yi maganar yadda toshewar ta taɓa tasa muryar. Numfashi ma yana sake salo. Mai tsaye a ƙasa, kayan cikinsa suna jan kansu ƙasa, su buɗe wa huhu wuri lokacin shaƙa. A sama wannan taimako ya tafi, kuma mai busa ba shi da ƙasar da zai dasa ƙafa ya tokare idan zai ja dogon sauti. Kjell Lindgren ya gwada abin da ya fi kowanne cin iska a Nuwambar 2015, lokacin da ya busa algaitar Sikotlan mai salka don tunawa da wani abokin aikinsa da ya rasu. Da roba aka ƙera masa ita, don ta yi sauƙin ɗauka da tsaftacewa.

Sai maganar da masu busa ba su cika son yi ba. Numfashi yana da laima, kuma idan ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya zama ruwa. A saksofon da ƙahonnin tagulla ruwan yana gangarawa ya taru a lanƙwasar ƙasa, inda aka sa ɗan murfin zubar da shi. A sama ba ya gangarawa. Yana manne wa bangon ciki inda ya samu kansa, ko iska ta tura shi gaba, kuma ɗigon da ya fito ba ya sauka, yana yawo ne a ɗakin da mutum shida ko bakwai ke numfashi, cike da na'urorin lantarki. Tsumman goge ciki ya zama dole bayan kowace busa.

Me ya sa ake wahalar kai su?

Kai kayan kiɗa sama ba kamar sa shi a jaka ba ne. Iskar tashar ba ta da taga, duk abin da fenti ko manne ko roba suka fitar a nan zai zauna. Hukumar NASA tana da gwajin da ake rufe abu a akwati a ɗumama shi zuwa digiri 49 na tsawon kwana uku, a auna irin tururin da ya fitar. Kayan lantarki ana duba ko za su shiga hurumin na'urorin kumbo. Katako kuwa makamashi ne, kuma wuta ita ce abin da aka fi tsoro, musamman bayan gobarar da ta tashi a tashar Mir ta Rasha a Fabrairun 1997. Don haka jita ba ta kwana a fili, ana mayar da ita gidanta idan an gama.

Duk da haka hukumomin ne da kansu ke aikawa. Ƴar jitar da Hadfield ya kaɗa a bidiyonsa na waƙar David Bowie, wanda ya fito a Mayun 2013 kwana ɗaya ko biyu kafin ya sauko, ƙirar kamfanin Larrivée ce ta Kanada, kuma masu kula da lafiyar tunanin ƴan sama-jannati ne suka sa aka kai ta a Agustan 2001. Ta zagaya duniya fiye da sau 100,000 tun daga lokacin. Mutum yana shafe wata shida a wuri mai ƙunci, da fuskoki iri ɗaya, ba fita, jadawalin aikinsa a yanke minti-minti daga ƙasa. Kewa da gajiyar zuciya suna jawo kuskure, kuskure kuma a can yana iya cin rai. Saksofon ɗin Pesquet ma a kumbon kaya ya iso, abokan aikinsa suka ɓoye shi har ranar 27 ga Fabrairun 2017, ranar da ya cika shekara 39.

Ba shi ne ya fara kai saksofon sama ba. Ronald McNair, masanin kimiyyar fizis kuma baƙar fata na biyu daga Amurka da ya je sararin samaniya, ya busa nasa a kumbon Challenger a Fabrairun 1984. Shi da mawaƙin Faransa Jean-Michel Jarre sun shirya ya ɗauki wata busa a tafiyarsa ta gaba, a sa ta cikin kundin Jarre. Ranar 28 ga Janairun 1986 Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, McNair da abokan tafiyarsa shida suka rasu. Jarre ya fitar da kiɗan da sunansa, wani mai busa ya cike gurbin.

Tafiye-tafiyen da ake shiryawa za su kawo sabon lissafi. Ko daga tashar, sauti yana bi ta taurarin ɗan'adam kafin ya iso, kuma jinkirin ya isa ya hana makaɗa biyu su sauka a bugu ɗaya, shi ya sa irin haɗin Coleman da na Gillis ɗauka ake yi a haɗa daga baya. Daga duniyar Mars saƙo yana cin minti 3 zuwa 22 kafin ya iso, don haka duk kiɗan da matafiya za su ji kai tsaye su ne za su yi shi, cikin tafiyar wata shida zuwa tara ba nauyi. A kan wata kuwa nauyi yana nan, amma kashi ɗaya cikin shida ne na na duniya. Gudumar piyano za ta faɗo, sai dai za ta ɗauki lokaci ninki biyu da rabi, abin da zai hana maimaita maɓalli da sauri.

Dawowa ma tana da nata koyo. Hannun da ya saba da rashin nauyi yanzu ya yi nauyi, lissafin da ƙwaƙwalwa ta sha wahalar gyarawa kuma sai ta sake warware shi. Bayan wata biyar a sama, Hadfield ya shaida wa manema labarai cewa da ya sauko ya ji nauyin leɓɓansa da harshensa, har sai da ya sake daidaita yadda yake magana.